Yadda muka mayar da filin bolar unguwarmu wurin wasan yara, da wahalar da muka sha a hanya

Tunda muka buɗe filin nan namu mutane suke ta tambayata, wasu ta waya, wasu su tare ni a ƙofar masallaci bayan la'asar, wai ta ina muka fara, nawa muka kashe, wa muka gani a gwamnati. Na gaji da bada amsa gutsi-gutsi, shi yasa nace bari in zauna in rubuta abun tun daga tushe, saboda wallahi da mun samu wanda ya faɗa mana waɗannan abubuwan a farko da bamu ɓata kusan shekara guda muna zagaye a wuri ɗaya ba. Ni ne sakataren ƙungiyar cigaban unguwarmu, duk wata takarda da aka rubuta ta hannuna ta bi, kuma kusan duk ofishin da aka shiga da ni aka shiga. Ba zan ambaci sunan unguwa ko sunan kowa ba, ba rigima nake nema ba, hanya nake so in nuna wa masu niyya irin tamu.

Filin yana tsakiyar unguwa, tun muna yara muka taso muka ganshi babu gini a ciki. Rabinsa juji ne, ana zubar da shara da toka da ledoji, ɗaya rabin kuma samari na buga ƙwallo da yamma da duwatsu a matsayin raga. Ƙananan yara basu da wuri, manya sun mamaye, sai dai su yi wasansu a kan layi. A watan Oktoban 2022 mai adaidaita sahu ya buge wani yaro ɗan shekara 7 a layinmu, ya biyo ƙwallo da gudu. Allah ya kiyaye karaya ce kawai a ƙafa, amma ni na ɗauke shi zuwa asibiti da hannuna, kuma kukan mahaifiyarsa a cikin motar nan har yau ina jinsa. A daren muka zauna a ƙofar gidan liman muka ce dole a gyara filin nan yara su samu inda zasu dinga wasa.

Kuskurenmu na farko shi ne zafin nama. Muka yanka wa kowane gida naira 500 a wata, wasu masu hali suka ƙara, muka samo 'yan kwasar shara da baro da tifa biyu aka kwashe jujin, muka sa mai walda ya haɗa mana turakun raga na bututun ƙarfe muka kafa da siminti. Izininmu kawai shi ne mun je mun gaida mai unguwa mun faɗa masa, yace Allah ya yi albarka, aikin alheri ne. Mu a tunaninmu shikenan magana ta ƙare. Sati uku bayan nan da safe sai ga tifa ta sauke bulo a kusurwar filin ta gabas, ga wani dillali da wani Alhaji da takarda a hannu wai an sayar masa da fuloti huɗu a wurin. Samari suka taru, har an fara ɗaga murya, da ba don dattawa sun shiga tsakani ba da abun ya yi muni. Abun da ya fi ƙona min rai shi ne da Alhajin ya ce mana, to ku ina taku takardar, babu wanda ya iya cewa komai a cikinmu. Bamu da ko fallen takarda ɗaya. Tun kakanninmu muke cewa filin unguwa ne, amma a baki kawai.

Washegari muka koma wurin mai unguwa, ya haɗa mu da wakilinsa zuwa gidan dagaci, dagaci yace wannan ta fi ƙarfinsa, ya bamu rana muka tafi gaban hakimi. Kada ku raina wannan matakin ko ku tsallake shi don kuna ganin ku 'yan boko ne, domin duk ofishin da muka shiga daga baya sai da aka tambaye mu ko masu sarauta sun san da maganar. Mun je ranar Litinin da hantsi, muka zauna a zaure har kusan azahar saboda akwai shari'ar gona da ta gado a gabanmu. Da aka kira mu shugabanmu ya faɗi yayi gaisuwa, yace ranka ya daɗe, mun zo ne da kukan 'ya'yanka, ya kwashe labari duka ya faɗa. Hakimi ya saurara, ya sa aka kira dillalin, ya duba takardarsa ya ga ta cinikayya ce kawai tsakanin mutum biyu da shaidu, babu hatimin wata hukuma. Ya bada umarnin kowa ya dakata, kada a ɗora bulo kada kuma mu ƙara kafa komai. Sannan ya faɗa mana gaskiya, yace shi ba shi da ikon bamu fili, abun da zai iya shi ne ya rubuta mana wasiƙa cewa ya san filin na jama'a ne, mu kai ƙaramar hukuma. Wasiƙar ta fito bayan kwana 5, bamu biya komai ba sai ɗan goron da muka kai bisa al'ada.

A sakatariyar ƙaramar hukuma ne na fara gane cewa bamu san komai ba. Mun fara zuwa ofishin ciyaman, muka yi zuwa uku bamu same shi ba, lokacin kamfen ne kowa yana yawon siyasa. Wani dattijon masinja ne ya ji tausayinmu yace ai ba ciyaman kuke buƙata ba, ku je sashen raya al'umma ku fara yi wa ƙungiyarku rajista. Ashe duk shekarun nan ƙungiyarmu bata da rajista a ko'ina. Suka bamu fom, suka nemi kundin tsarin mulkin ƙungiya, sunayen shugabanni da hotunansu na fasfo, bayanin zaman da aka zaɓe su, da wasiƙar hakimi. Kundin tsarin mulkin ma a makon muka zauna muka rubuta shi, shafi 6. Muka biya kuɗin rajista aka bamu rasit, bayan sati biyu satifiket ya fito. Daga nan muka wuce wurin jami'in filaye, mutumin kirki, ya zaunar da mu kamar ɗalibai yayi mana bayanin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Yace ƙaramar hukuma tana iya bada izini ne a ƙasar da ba a ayyana ta a matsayin birni ba, irin gonaki da ƙauyuka, amma unguwarmu tana cikin yankin birni, don haka maganarmu tana ma'aikatar ƙasa da safiyo da kuma hukumar tsara birane ta jiha. Naji kamar an zare min laka, wata biyu kenan muna yawo ashe ko ƙofar da ta dace bamu taɓa ba. Amma ya taimake mu da abu ɗaya mai muhimmanci, yace idan kun je kada ku ce a baku fili, ku ce kuna so a duba muku taswirar yankan unguwarku a ga me aka ware wurin dominsa.

Wannan shawarar ita ce ta buɗe mana komai. Duk unguwar da gwamnati ta yanka tana da taswira mai lamba, wadda ta nuna fulotai da tituna da inda aka ware wa makaranta da masallaci da kasuwa da filin shan iska. Matsalar ita ce ba zaka samu taswirar ba sai ka san lambarta, kuma mu bamu sani ba. Muka dawo unguwa muna bi gida-gida muna neman wanda yake da takardar shaidar mallakar gidansa ta asali, sai a wurin wata Hajiya da mijinta ya rasu muka samu, ta ciro ta daga ƙasan akwati a naɗe cikin leda, tace ɗana ka riƙe min amana, ita kaɗai ce gadon marayun nan. A gabanta na ɗauki hotonta da waya na mayar mata, ban yarda na fita da ita ba. A jikin takardar akwai lambar fuloti da lambar taswira. Da wannan lambar muka rubuta takardar neman bincike, muka biya kuɗin ta banki, muka kai rasit, aka buɗe mana fayil. A nan zan ja kunnenku, duk takardar da zaku miƙa ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a naku kwafin, kuma ku rubuta lambar fayil ɗinku a wuri uku daban. Sau ɗaya aka nemi fayil ɗinmu aka rasa, wannan kwafin mai hatimi ne ya sa aka gano teburin da ya kwana. Ranar da aka kira mu aka shimfiɗa taswirar a kan tebur, tsohuwa har ta yi ja, jami'in ya sa biro a kan wani wuri da aka shafa wa koren launi yace ga filinku nan, an ware shi ne don shaƙatawar jama'a, babu fuloti ko ɗaya a cikinsa. Wallahi sai da hawaye ya zo min. Shugabanmu ya dinga cewa Alhamdulillahi yana maimaitawa. Muka nemi kwafin da aka tabbatar da hatimi, muka kai wa hakimi, aka kira Alhajin aka nuna masa. Shi ma ashe cutarsa aka yi, ya kwashe bulonsa ya tafi neman kuɗinsa wurin wanda ya sayar masa, kuma bamu rabu da shi da gaba ba.

Mun ɗauka an gama, ashe rabi aka yi. Sanin cewa filin na jama'a ne daban, samun izinin ku taɓa shi daban. Hukumar tsara birane ta ce mu rubuto buƙatar kula da filin da gyara shi, amma sun fi son ƙungiya mai rajistar tarayya wadda za a iya kamawa da laifi idan ta saɓa sharaɗi, wato rajistar amintattu ta CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista. Muka samu wani lauya ɗan unguwa ya yi mana aikin ba tare da ya karɓi ladansa ba. Ana fara neman amincewa da suna, namu na farko aka ƙi shi saboda ya yi kama da na wata ƙungiya, sai da muka ƙara kalma. Sannan aka nemi lambar NIN ta kowane amintacce da hotonsa da sa hannunsa, da kundin tsarin mulki, da bayanin zaman da aka naɗa su. Mu mun sa mutum 5, har da mace ɗaya, shugabar makarantar Islamiyyar matan aure. Sai kuma a buga sanarwa a jaridu guda biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Kuɗin jaridar nan shi ya fi komai tsada a wannan matakin, ku tanade shi tun da wuri. Kuma duk wannan ya faɗo mana ne a watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, ga kuɗin ƙungiya a hannun ma'aji tsofaffin takardu, bamu da asusun banki, sai da ya kwana biyu yana bin layi kafin ya samu ya zuba su a asusunsa na kansa, abun da ya jawo ƙananan maganganu a unguwa duk da mutumin ko sisi bai ci ba. Da satifiket ya fito muka buɗe asusun ƙungiya mai sa hannun mutum uku, banki ya nemi BVN ɗinsu da lambar haraji da takardar SCUML, wato shaidar rajista da sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ita ma ta ɗauki nata lokacin. Tun daga ranar na fara liƙa bayanin shiga da fitar kuɗi a allon masallaci duk ƙarshen wata, kuma maganganun suka mutu.

Muka miƙa buƙatarmu ana cikin azumi, sai abun ya haɗu da canjin gwamnati na 29 ga Mayu, babu mai son sa hannu a kan maganar fili sai sababbin shugabanni sun zauna. Wannan jiran shi ne mafi ɗaci. Mutane suka fara janye jiki, masu bada 500 suka ragu da kusan rabi, wasu suka koma zubar da shara da daddare. Wani ɗan takara da ya yi mana alƙawarin greda da fitilu lokacin kamfen ya daina ɗaga waya. Ni dai duk ranar Talata sai naje na gaida jami'in da fayil ɗinmu yake wurinsa, in ce yallabai ina aka kwana, yace a ƙara haƙuri. A watan Agusta suka turo mutum biyu suka zo suka ga wurin da idonsu, a watan Satumba takarda ta fito. Ba mallaka mana filin aka yi ba, ku fahimci wannan sosai, izinin kulawa ne, da sharuɗɗa: ba za a gina shago ko ɗakin kwana ba, ba za a toshe hanyar ruwa ba, ba za a hana kowa shiga ba, kuma sai mun kawo zanen abun da zamu yi sun amince kafin mu fara.

Zanen nan ne ya koya min abun da ban taɓa tunani ba. Da farko muka ɗauko safiyo mai lasisi ya auna ya kafa duwatsun iyaka, sai aka ga filin mita 80 ne a tsaye, 55 a kwance, wato bai kai rabin hekta ba, kuma maƙwabta biyu sun ɗan shigo da katangarsu, aka sasanta a gaban mai unguwa ba tare da an rushe wa kowa ba. Samari suna ta mafarkin babban filin ƙwallo, sai wani ɗan unguwarmu da ya karanta tsara birane a jami'a ya nuna musu cewa cikakken fili mita 105 ne da 68, ko an haɗa da layin baya ba zai shiga ba. Shi ne ya dage cewa kada a zana komai sai an tambayi mata da yara da tsofaffi. Gaskiya a lokacin ni ma ina ganin ɓata lokaci ne, duk zamanmu na shekara guda maza ne zalla kuma a kanmu filin wasa yana nufin ƙwallo. Aka shirya zama a makarantar Islamiyya ranar Asabar, mata sun fi 60. Abun da suka faɗa ya juya mana tsarin gaba ɗaya. Wata tace likita ya ce ta dinga tafiya saboda hawan jini da suga amma a ina zata yi, a kan titi maza na kallonta? Wata tace idan babu ban ɗaki da ruwa yara zasu mayar da bayan katangar mutane masai. Wata dattijuwa tace ku sa wurin ƙananan yara inda za a hango shi daga ƙofar gidaje, kada ku kai shi lungu, lungu na 'yan shaye-shaye ne. 'Yan mata kuma suka ce su ma suna son wurin da zasu yi gaɗa da 'yar gala-gala ba tare da ƙwallo ta sauka a kansu ba. Tsofaffi maza su kuma inuwa kawai suka nema da dakali inda zasu zauna su yi dara su ga jikokinsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zo mana a rai a duk mitin ɗin da muka yi.

A ƙarshe zanen ya fito haka. Filin ƙwallo mita 50 da 30, an miƙe shi kudu da arewa saboda kada rana ta dinga dukan idon mai tsaron gida da yamma, wanda turakunmu na farko gabas da yamma muka kafa su, dole aka tumɓuke, kuɗin simintin ya tafi a banza. A gefe filin ƙwallon raga mita 18 da 9 wanda 'yan mata ke amfani da shi ranakun da aka ware musu. Wurin ƙananan yara a kudu kusa da gidaje, nesa da bayan raga, da lilo huɗu da abun sulɓi da ramin yashi. Hanyar tafiya ta zagaye filin duka, kusan mita 250, zagaye huɗu kilomita ɗaya kenan. Sai ban ɗaki biyu, na maza da na mata, ƙofofinsu ba sa kallon juna. Hukuma ta riƙe zanen sati 5, ta ce mu matsar da ramin masai nesa da rijiyar maƙwabci kuma mu ƙara ƙofa ta biyu, muka gyara aka buga hatimi.

Aikin ginin kansa ba sai na tsawaita ba, duk wanda ya yi gini a wannan tsakanin ya san abun da ya faru. Lissafin da muka yi kafin cire tallafin mai ya zama tarihi, fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin tifar jar ƙasa da yashi ya bi shi, buhun siminti da muka sani wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a farkon 2024. Dole muka raba aikin kashi-kashi. Abun da muka fara yi, bisa shawarar wani injiniya, shi ne hanyar ruwa, domin filin kwari ne kuma duk watan Agusta yana zama tafki. Aka cike da jar ƙasa aka daddaɓe, aka ba shi ɗan gangare na santimita ɗaya a kowace mita zuwa lambatu. Aiki ne da ba ya kyau a hoto, mutane suna ta cewa ina kuɗinmu bamu ga komai ba, amma damina ta zo ta wuce ruwa bai kwanta ba. Bututun lilo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano muka je muka saye su, masu kauri, mai walda ya haɗa, aka zuba yashi mai zurfin kusan santimita 30 a ƙarƙashi saboda faɗuwa. Inda muka yi kuskure shi ne abun sulɓin, na farantin ƙarfe muka yi kuma a fili babu inuwa, a zafin watan Afrilu wata yarinya ta ƙone a cinya. Ranar ban iya cin abinci ba. Muka rufe shi har sai da aka yi masa rumfa, kuma da zan sake da tun farko zan sa rumfar a lissafi.

Bishiyoyi mun dasa 40 a farkon damina, yawanci darbejiya da 'yan madaci, daga gandun renon itatuwa na gwamnati muka karɓo. Wasu sun so mangwaro, dattawa suka hana, suka ce jifa zata hana maƙwabta sakat. Bishiyar turare ma mun guje ta saboda shan ruwa. Awaki suka cinye mana 17 a wata biyu kafin mu gane cewa kowane dashe sai an kewaye shi da ƙaya ko tsohon bulo. Yanzu kowace bishiya an damƙa ta ga wani gida, yaran gidan ke ba ta ruwa da rani, har gasa suke yi ta wa ta fi tsayi.

Idan zaku fara irin wannan, ga yanda ni nake ganin ya kamata ku jera shi, ba yanda mu muka yi ba. Kada ku karɓi ko naira ɗaya daga hannun jama'a kuma kada ku kafa ko turke sai kun ga taswirar unguwarku da idonku, domin idan ya zamana filin na wani ne a takarda duk abun da kuka zuba ya tafi. Ku yi rajistar ƙaramar hukuma da ta CAC a lokaci guda tun ranar farko, tunda dukkansu jira ne, kuma ku buɗe asusu da sunan ƙungiya kafin kuɗi ya taru a aljihun mutum ɗaya ya jawo masa zargi. Ku bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, amma ku sani albarkarsu ba takardar izini ba ce. Ku guji shekarar zaɓe idan da hali, ko aƙalla kada ku sa alƙawarin ɗan siyasa a cikin lissafinku. Sannan ku zauna da mata kafin ku zauna da mai zane. Abu na ƙarshe da ba wanda ya faɗa mana shi ne kula da wurin ya fi gina shi wuya. Lilo yana buƙatar man giris da duba sarƙa duk wata, yashi yana raguwa, shara tana dawowa. Mun ɗauki wani dattijo mai gadi muna biyansa daga kuɗin wata, ana buɗewa bayan asuba, daga lokacin zuwa ƙarfe 8 na mata ne masu tafiya, ana tsayar da ƙwallo idan an kira sallah, ana rufewa bayan isha'i. Masu biki da masu taron suna kan karɓi aron wurin su bada wani abu a asusu, da shi muke sayen fenti da ƙwallaye.

Har yanzu bamu gama ba. Ban ɗakin yana nan amma ruwa 'yan garuwa ke kawowa, kuɗin bohol da sola bai taru ba, fitilu uku kawai muke da su a maimakon takwas da ke cikin zane, kuma izinin namu ana sabunta shi ne, don haka wata mai zuwa zan sake ɗaukar fayil in koma ofishin da hotunan abun da muka yi da bayanin kuɗi. Yaron nan da adaidaita ta buge yanzu shi ne ke riƙe da makullin akwatin ƙwallaye na 'yan ƙasa da shekara 12, duk yamma shi yake fara zuwa ya buɗe.